Awa Sittin Cikin Shekara Uku: Tsokaci a kan Makin Sabunta Shaidar Ƙwarewa ta PMP

Tsakure

Duk wanda ya mallaki shaidar ƙwarewa ta PMP a fannin gudanar da ayyuka, wajibi ne ya tara maki 60 na ƙarin ilimi a cikin kowace shekara uku, in ba haka ba shaidar ta suɓuce masa. Wannan maƙala ta bi ƙa'idojin tara makin daki-daki, ta kuma amince cewa tilasta wa ƙwararre sabunta iliminsa abu ne da ya dace. Sai dai ta nuna cewa ma'aunin da ake amfani da shi lokacin da mutum ya ɓatar kawai yake ƙirgawa, bai damu da abin da lokacin ya haifar ba. Matsayar maƙalar ita ce, makin ba zai tsinana wa mai shi da jama'ar da yake yi wa aiki komai ba, sai an ɗaure shi da kurakuran da suka bayyana a ayyukan da ya gudanar da hannunsa.

1.0 Gabatarwa

Ba baƙon abu ba ne a tsakanin masu riƙe da shaidar PMP mutum ya buɗe shafinsa na intanet saura wata biyu wa'adinsa ya cika, ya tarar yana da giɓin maki ashirin ko fiye. Daga nan sai a shiga rige-rige da lokaci. Ana kunna laccocin da aka naɗa ɗaya bayan ɗaya, murya na tashi daga kwamfuta, mai ita kuwa yana amsa waya ko yana duba wasiƙun ofis. Kafin ranar ƙarshe makin ya cika, an biya kuɗi, shaida ta sake samun shekara uku. A bisa ƙa'ida wannan mutum bai yi laifin komai ba, kuma sunansa zai ci gaba da zama a kundin ƙwararru daidai da na wanda ya kwana yana nazari.

Lamarin ya wuce na mutum ɗaya da takardarsa. Masu wannan shaida su ake danƙa wa ginin asibiti, shimfiɗa layin dogo, kafa manhajar banki da raba kayan agaji. Kamfanoni da hukumomin bayar da tallafi da dama sukan sanya ta cikin sharuɗɗan ɗaukar ma'aikata ko na bayar da kwangila, bisa zaton cewa mai riƙe da ita iliminsa na tafiya da zamani. Idan wannan zato bai tabbata ba, asarar takan faɗa wa mai kuɗin aikin da kuma talakan da ke jiran a kammala shi. Don haka tambayar da ta dace a yi ita ce: me awa sittin ɗin nan suke tabbatarwa, kuma yaya za a yi su tabbatar da abin da ake zaton suna tabbatarwa?

2.0 Yadda Tsarin Yake

An kafa Cibiyar Gudanar da Ayyuka, wadda aka fi sani da PMI, a Amurka a shekarar 1969, kuma hedikwatarta na jihar Fensilbeniya. A 1984 ta fara shirya jarrabawar PMP, wadda a yau masu riƙe da shaidarta suka haura miliyan ɗaya a faɗin duniya. Kafin mutum ya zauna jarrabawar sai ya nuna cewa ya jagoranci ayyuka na tsawon wata 36 idan yana da digiri, ko wata 60 idan iyakarsa sakandare, sannan ya yi karatun awa 35 a fannin. Abin nufi da aiki a nan shi ne duk wata hidima mai mafari da maƙura, wadda aka ware wa kasafi da wa'adi domin samar da wani abu takamaimai.

Daga ranar da mutum ya ci jarrabawa ake fara ƙirga masa shekara uku. A cikinsu ake son ya tara maki 60, wanda ake taƙaita sunansa da PDU, kuma kowane maki ɗaya daidai yake da awa ɗaya. Ana karɓar har rubu'in awa. An raba makin gida biyu. Gida na farko shi ne na neman ilimi, wanda ba zai gaza maki 35 ba, kuma ana samun sa ta halartar kwas, zaman taron ƙungiya, kallon lacca ta intanet, karanta littafi ko maƙala, har da tattaunawar ilimi da wani masani. Gida na biyu shi ne na yi wa sana'ar hidima, wanda ba zai wuce maki 25 ba: gabatar da lacca, rubuta maƙala, horar da na baya, aikin sa-kai, da kuma shi kansa aikin da mutum yake yi yau da gobe, wanda iyakarsa maki 8.

Tun daga Disambar 2015 cibiyar ta ƙara sharaɗin cewa makin neman ilimi sai ya taɓa ɓangarori uku, waɗanda take zanawa a siffar alwatika. A 2022 ta sake musu suna, amma ma'anarsu ba ta yi nisa da ta da ba: dabarun tsara aiki da bin sa, iya jagorancin mutane da mu'amala da su, da fahimtar harkar kasuwanci da manufar ma'aikata. Kowane ɓangare sai an samu aƙalla maki 8 a cikinsa, jimla 24, ragowar 11 kuma mutum ya zuba su inda ya ga dama. Wanda ya tara fiye da kima a shekararsa ta ƙarshe zai iya tsallakawa da maki 20 zuwa zango na gaba. A farkon 2024 kuɗin sabuntawa dala 60 ne ga mamban cibiyar, dala 150 ga wanda ba mamba ba. Wanda wa'adi ya cika bai kammala ba za a dakatar da shaidarsa na shekara ɗaya. Idan shekarar ta wuce bai cike giɓin ba shaidar ta mutu, sai dai ya sake zama jarrabawa daga farko.

Mutum da kansa yake shigar da makinsa a shafin cibiyar. Ita kuma takan zaɓi wasu ta bincike su, shi ya sa take umartar kowa ya adana takardun shaidar halarta na aƙalla wata 18 bayan ƙarewar zangon. Abin da binciken ke nema shi ne hujjar cewa an yi zaman, an kuma ɗauki tsawon lokacin da aka ce an ɗauka.

3.0 Hujjar Tilasta Sabuntawa

Akwai masu ganin cewa duk wannan hanyar tatsar kuɗi ce kawai, kuma wanda ya ci jarrabawa sau ɗaya ya kamata a bar shi da shaidarsa har abada, kamar yadda ake barin mai digiri da digirinsa. Wannan ra'ayi bai yi la'akari da bambancin takardun biyu ba. Digiri labari yake bayarwa na abin da ya riga ya faru, wato wane ya yi karatu a shekara kaza ya kuma ci. Shaidar ƙwarewa kuwa da'awa ce a kan halin da ake ciki, tana cewa wane ya iya wannan aiki yanzu. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na hukumomin da ke bai wa mutane shaidar ƙwarewa, wato ISO/IEC 17024, wanda PMP ke ƙarƙashinsa, ya shardanta a riƙa sake tantance masu shaida lokaci bayan lokaci saboda wannan dalili.

Shi kansa fannin bai tsaya wuri ɗaya ba. A ƙarshen shekarun 1950 aka ƙirƙiro manyan dabarun lissafin jadawali, ɗaya a kamfanin DuPont, ɗaya a shirin makami mai linzami na Polaris na rundunar ruwan Amurka, kuma an daɗe ana ɗaukar cewa ƙwarewa ita ce a tsara komai tun farko a kuma bi tsarin sau da ƙafa. A 2001 wasu masana manhaja su 17 suka haɗu a jihar Yuta suka fitar da sanarwar salon da ake kira Ajayil, wanda ke yanka aiki gunduwa-gunduwa, ana miƙa kowane yanki ga mai shi ana jin ra'ayinsa kafin a ci gaba. Littafin jagora na PMI, wato PMBOK, bugunsa na shida na 2017 ya ginu ne a kan matakai 49 da fannonin sani 10. Bugu na bakwai na 2021 ya ajiye wannan tsari ya koma ga ƙa'idoji 12 da fagagen aiki 8. A Janairun 2021 ɗin aka sauya jarrabawar ita ma, har kusan rabin tambayoyinta suka koma kan salon Ajayil da wanda ya gauraya salon biyu. Ke nan wanda ya ci jarrabawa a 2010 da wanda ya ci a 2022 haruffa uku iri ɗaya suke rubutawa bayan sunansu, alhali ba abu ɗaya aka tambaye su ba.

Bahaushe ya san cewa ginin ƙasa, komai ƙwarewar maginin da ya tayar da shi, yana buƙatar yaɓe kafin damina. Ilimin sana'a ma haka yake zaizayewa idan aka bar shi. Nauyin da aka ɗora kuma bai taka kara ya karya ba, domin awa 60 a wata 36 bai wuce awa ɗaya da minti 40 a wata ba. Ƙwararren da ya kasa ware wa iliminsa wannan ɗan lokaci, da wuya ya samu bakin kare kansa. Saboda haka asalin manufar ba ta da aibi.

4.0 Inda Gizo ke Saƙar

Matsalar tana cikin abin da aka zaɓa a auna. Awa ɗaya maki ɗaya ce, ko an yi ta ana warware lissafin kasadar wani aiki na gaske tare da masanin da ke gyara wa mutum kuskure, ko an yi ta ana gyangyaɗi a gaban bidiyo. Mafi yawan hanyoyin samun makin ba su buƙatar jarrabawa, ba su kuma buƙatar mutum ya nuna abin da ya sauya a aikinsa. Mamban cibiyar da ya kalli lacca a dandalinta na ProjectManagement.com, makin yakan shiga kundinsa kai tsaye. Sauƙi ne mai kyau ga wanda ya zo koyo, haka kuma sauƙi ne ga wanda ya zo cika lissafi, tsarin kuwa ba shi da idon da zai bambance su.

A 1975 masanin tattalin arzikin Ingila Charles Goodhart ya lura cewa duk alƙaluman da hukuma ta mayar abin dogaro wajen sarrafa jama'a, sukan daina nuna gaskiyar abin da suke nunawa a da, domin mutane sukan koma bautar alƙaluman. Haka ta faru da makin PDU. An ƙirƙire shi ya zama alamar koyo, sai ya zama shi ne abin nema. Kasuwa guda ta tashi a kansa, inda ake tallar kwasa-kwasai da yawan makin da suke bayarwa da arhar kowane maki, abin da za a koya kuwa ya koma bayani na biyu. Mai saye ba wawa ba ne: idan abin da za a tambaye shi lamba ce, zai nemi hanya mafi arha da sauri ta cika lambar.

Fannin likitanci ya riga kowa bincikar wannan tambaya, domin likitoci sun daɗe suna tara irin wannan maki. A 1999 Dave Davis da abokan aikinsa suka wallafa nazari a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, inda suka gano cewa zaman da likita ke shiga ana tattaunawa da gwada aiki da hannu yana iya sauya yadda yake duba marasa lafiya, amma laccar zauna-ka-saurara ita kaɗai ba ta nuna irin wannan tasiri ba. A 2009 wani bitar da ƙungiyar Cochrane ta yi wa gwaje-gwaje 81 ya nuna cewa tarukan ƙara ilimi suna kawo gyara, amma ɗan kaɗan ne, kuma waɗanda suka haɗa lacca da tattaunawa sun fi tasiri. Manajan aiki ba likita ba ne, sai dai ƙwaƙwalwar ɗan Adam ɗaya ce. Hanyar da ta fi sauƙin tara maki, wato saurare daga nesa ba tare da an taɓa komai ba, ita ce wadda hujja ta nuna ta fi rauni wajen sauya aiki.

Akwai kuma wani rauni da ba a cika ambata ba. Mutum shi yake zaɓar abin da zai koya, kuma ɗabi'ar ɗan Adam ce ya karkata ga abin da ya riga ya iya, domin a nan yake jin daɗi. Injiniyan da ya gwanance a jadawali zai ƙara kwas a kan jadawali, alhali abin da ke rusa masa aiki shi ne rashin iya zama da masu unguwanni da masu filayen da hanya za ta ratsa. Sharaɗin maki 8 a kowane ɓangare ƙoƙari ne na toshe wannan ɓaraka, kuma ya cancanci yabo. Amma ɓangarorin suna da faɗi ƙwarai, ta yadda mutum zai iya cika su duka ba tare da ya kusanci rauninsa ko sau ɗaya ba.

A ɗauki misalin mutum biyu da suka sabunta shaidarsu rana ɗaya. Na farko ya kalli bidiyo na awa 52 ya haɗa da maki 8 na aikinsa na kullum. Ta biyu ta zauna da tawagarta bayan wani aikin samar da ruwa da ya zarce wa'adinsa da wata bakwai, suka gano cewa jinkirin ya faro ne daga odar famfunan da aka yi a makare, sai ta nemi kwas a kan sayen kaya da tsara kwangila, ta karanta abin da aka rubuta a kai, ta sauya yadda ofishinta ke yin oda, sannan ta gabatar da darasin a taron reshen ƙungiya. Dukansu maki 60 ne a kundi. Mai neman wanda zai bai wa aiki na gaba ba shi da hanyar gane wace ce ta biyun idan takardar kawai ya duba.

Abin da ke cikin haɗari ba ƙarami ba ne. Farfesa Bent Flyvbjerg na Jami'ar Okusfod ya tattara bayanan manyan ayyuka fiye da 16,000 daga ƙasashe daban-daban, kuma a littafin da ya fitar a 2023 ya bayyana cewa kashi 8.5 cikin ɗari ne kacal suka kammala a kan kasafi da wa'adi, waɗanda suka haɗa da samar da amfanin da aka yi alkawari kuwa kashi 0.5 ne. Filin jirgin saman Balin na Jamus, wanda aka shirya buɗewa a 2011, sai a Oktoban 2020 ya fara aiki. A Nijeriya, kwamitin shugaban ƙasa da Ibrahim Bunu ya jagoranta ya ba da rahoto a 2011 cewa akwai ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 da ba a kammala ba. Ba adalci ba ne a ɗora wannan duka a kan manajoji, domin siyasa, rashin sakin kuɗi da almundahana suna da kaso mafi tsoka a ciki. Abin da alƙaluman ke nunawa shi ne sana'ar na da tarin darussan da ba ta gama koya ba, kuma darussan suna kwance ne a cikin ayyukan da suka lalace. Tsarin sabunta shaida da bai tura mutum ya waiwayi nasa aikin ba ya bar makaranta mafi kusa da shi a rufe.

5.0 Uzurin Masu Kare Tsarin

Masu kare ƙirgen awa suna da hujjoji da bai kamata a yi watsi da su ba. Ta farko ita ce awa abu ne da kowa zai iya ƙirgawa, a Legas ko a Tokiyo, ba tare da son rai ya shiga ba. Cibiyar da ke da mutum fiye da miliyan ɗaya ba za ta iya karanta bayanin kowa ta yanke hukunci a kan ko ya ƙaru ba, kuma in ta gwada, kuɗin sabuntawa zai ninka. Ta biyu ita ce an taɓa gwada ɗaya hanyar. Ma'aunin ilimi na bakwai na tarayyar akantoci ta duniya ya yarda a auna ƙarin ilimi ta lokacin da aka zuba, ko ta sakamakon da aka samu, ko a haɗa biyun. Cibiyar akantoci ta Ingila da Wales ta shafe shekaru tana barin mambobinta su tantance buƙatarsu da kansu ba tare da an ƙayyade musu awa ba, amma daga Nuwamban 2023 ta dawo da mafi ƙarancin awanni, wasu daga ciki kuma sai an kawo hujjarsu. Wannan ya nuna cewa barin mutum da lamirinsa kaɗai ma yana da nasa ramin.

Hujja ta uku ta fi shafar ƙasashe irin Nijeriya. Sauƙin tsarin shi ne ya sa mai ƙaramin ƙarfi ke iya riƙe shaidarsa. Kafin Yunin 2023 dala 150 ba ta kai naira 70,000 ba a farashin hukuma, amma a farkon 2024, da dala ta haura naira 1,500, kuɗin ya zarce naira 225,000. Wanda ke fama da wannan, ga tsadar data ga rashin wuta, idan aka ce sai ya halarci kwas mai tsada ido da ido, an kore shi ne daga sana'ar a fakaice. Karatun littafi da laccar kyauta su ne suka bar masa ƙofa a buɗe.

Waɗannan hujjoji sun isa su hana a ce a rushe ƙirgen awa. Ba su isa su sa a ce ƙirgen ya wadatar ba. Darasin da ke cikin abin da akantocin Ingila suka yi shi ne kowace hanya ita kaɗai tana da giɓi, don haka haɗa su ya fi. Gyaran da ake buƙata kuma bai zama dole ya ci kuɗi ba, kamar yadda za a gani.

6.0 Abin da ya Kamata a Yi

Nauyi na farko yana kan mai shaidar. Kamata ya yi a watan farko na zango, tun kafin ya nemi maki ko ɗaya, ya zauna da takardun ayyukansa na shekara ukun da suka wuce ya tambayi kansa: a ina aka zarce kasafi, a ina aka makara, wane rikici ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kuma wanne daga ciki ne da ƙarin sani zai iya hanawa? Amsoshin su ne manhajar karatunsa. Sana'ar ta riga ta tanadi kayan wannan aiki, domin kundin darussan da aka koya yana cikin abubuwan da take koyar da kowane ɗalibi ya riƙa ajiyewa. Abin takaici shi ne sau da yawa akan rubuta shi ne a ranar rufe aiki don cika ƙa'ida, a jefa a durowa. Bayan haka sai ya rarraba awanninsa a kan maki 20 kowace shekara, ya fifita zaman da za a ba shi aiki ya yi a kuma gyara masa, sannan bayan kowane zama ya rubuta layi biyu ko uku a kan abin da zai sauya a ofis. Maki 25 na hidima ma kada a raina su. Wanda ya tsaya gaban tsaransa yana bayanin yadda aikinsa ya karkace, suna yi masa tambayoyi, yakan fita da fahimtar da kallon bidiyo goma ba za ta ba shi ba.

Nauyi na biyu yana kan ma'aikatu da kamfanonin da ke neman shaidar. Tambayar ko shaidar wane tana raye ba ta wadatar ba, tunda amsarta danna maɓalli ne kawai. Mai ɗaukar ma'aikaci yana iya neman ganin jerin makin, ya kuma tambayi mai nema abin da ya koya a zangon da ya wuce da inda ya yi amfani da shi. Minti biyar na irin wannan tambaya sun isa su raba aya da tsakuwa. Haka kuma ma'aikatar da ke son ma'aikatanta su ƙaru za ta iya mayar da zaman bitar kowane aiki da aka kammala ya zama zaman ilimi na sosai, a gayyato masani daga waje ya jagorance shi, a kuma tabbatar cewa wanda ya faɗi kuskurensa ba zai fuskanci hukunci a kan faɗar ba. Matuƙar faɗin gaskiya na jawo wa mutum asarar ƙarin girma, kundin darussa zai ci gaba da cika da yabon kai.

Nauyi na uku yana kan cibiyoyin da ke bayar da shaida. Ba sai PMI ta karanta bayanin kowa ba. Ya isa ta ware wani kaso na makin, ko da goma ne cikin sittin, ta ce ba za a karɓe shi ba sai da gajeren bayani a rubuce: ga raunin da aka gano, ga abin da aka koya, ga abin da aka sauya. Binciken da take yi wa waɗanda ta zaɓa sai ya haɗa da duba wannan bayani. Wasu za su yi ƙarya, kamar yadda wasu ke yi yanzu, amma tilasta wa mutum ya rubuta sunan rauninsa da hannunsa ya riga ya sauya tambayar da yake yi wa kansa lokacin zaɓar kwas. Cibiyar masu gudanar da ayyuka ta Nijeriya, wato CIPMN, wadda aka kafa da doka a 2018, tana da damar da tsofaffin cibiyoyi ba su da ita, domin ba ta da al'adar shekara hamsin da za ta warware. Za ta iya gina tsarinta tun daga tushe a kan nazarin ayyukan cikin gida, waɗanda aka kammala da waɗanda suka zama aikin baban giwa. Jami'o'i ma suna da rawar takawa a nan, ta hanyar rubuta tarihin irin waɗannan ayyuka a matsayin darasi, da Ingilishi da harsunan gida, domin mai kula da ginin makarantar firamare a ƙaramar hukuma ya samu misalin da ya yi kama da abin da ke gabansa.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa sharaɗin tara maki 60 a shekara uku yana da tushe mai ƙarfi, domin fannin gudanar da ayyuka ya sauya sosai daga 1984 zuwa yau, kuma shaidar da ba a sabuntawa da'awa ce da ba ta da mai tsaya mata. Ta kuma nuna cewa ƙirgen awa shi kaɗai ba ya bambance wanda ya ƙaru da wanda ya cika lissafi, kuma hanyar da ta fi sauƙin tara makin ita ce mafi ƙarancin tasiri. Mafita ita ce a bar awannin yadda suke, a ƙara musu sharaɗin da zai mayar da mutum ga ayyukansa na baya. Kafin cibiyoyi su yi nasu gyaran, babu ƙa'idar da ta hana mai shaida ya fara yau: ya buɗe fayil ɗin aikinsa na ƙarshe da ya makara, ya nemo dalilin makarar, ya sa awarsa ta farko a kan wannan dalili. Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranar wankan manajan aiki kuwa ita ce ranar da aka zo karɓar aiki, inda masu shi za su duba gini da lissafin kuɗi, babu mai tambayar yawan makin da ke kundinsa.